Ifoksi ko foliyuretan? Amsoshin tambayoyinku kan fentin kare ƙarfe da daɓen masana'antu

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru: wanne zan saya, ifoksi ko foliyuretan? Akwai mai masana'anta a cikin masu tambayar, akwai injiniya, akwai mai yi wa kamfani sayayya, akwai kuma masu fentin da kansu. Duk wanda ya zo mini da wannan magana, abin da nake fara tambayarsa shi ne, me zai ci wurin? Rana ce, ko ruwan zafi, ko asid, ko tayar mota, ko danshin da ke tasowa daga ƙarƙashin ƙasa? Kowane ɗaya daga cikin fentin nan biyu yana da abin da yake jurewa da abin da ke karya shi, kuma sau da yawa amsar gaskiya ita ce a yi amfani da su duka biyun, kowanne a mazauninsa.

Shekara biyu ke nan da muka yi wa tankunan ajiyar mai guda huɗu da matakalunsu fentin ifoksi shuɗi mai sheƙi. A fili suke. Yanzu sheƙin ya tafi, launin ya koɗe, in ka shafa hannu sai farin gari ya biyo ka. Ɗan kwangila jabu ya sa mana ne? — Manajan ma'ajiyar mai

Ranka ya daɗe, kada ka yi saurin kiransa mai jabu. Abin da ka kwatanta halin ifoksi ne na asali, kuma ko mafi inganci ka saya, haka zai yi idan aka bar shi tsirara a rana. Yawancin ifoksin masana'antu daga sinadarin bisfenol A da efikulorohaidirin ake yinsa, kuma ginin wannan sinadari yana shan hasken ultrabayolet da ke cikin rana. Hasken yana cinye ƙaron da ke riƙe da launi a saman fentin, sai garin launin ya saura ba abin da ke riƙe shi. Shi ne wannan abu mai kama da alli da ke bin tafin hannunka. Na sha tsayawa a gindin tanki irin naku in goga yatsa, sai ka ga layi ya fito shuɗi fes a ƙarƙashin farin garin, wanda ke nuna maka cewa ɓarnar a fata take, ba ta kai ƙashi ba.

Laifin da ke nan, in akwai shi, na wanda ya tsara aikin ne, da ya tsaya a ifoksi bai rufe shi ba. Ifoksi gwani ne wajen kama ƙarfe da hana ruwa da iska isa gare shi, amma rago ne a gaban rana. Foliyuretan kuwa yana riƙe launi da sheƙi shekara da shekaru, sai dai ba ya kai ifoksi toshe hanyar tsatsa, kuma yawanci siriri ake shafa shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa tsarin da aka fi sani a kan ƙarfen da ke fili shafi uku ne: na farko ifoksi mai garin tutiya, kaurin maikiron 60 zuwa 80, wanda tutiyar cikinsa ke cinyewa a madadin ƙarfen idan an sami ƙarzuwa, na tsakiya ifoksi mai kauri, maikiron 100 zuwa 200, na sama foliyuretan, maikiron 50 zuwa 80. Maikiron 1,000 ne ke yin milimita 1, ka ga duka kariyar ba ta kai rabin milimita ba.

Gadar jirgin ƙasa ta Forth da ke Sikotilan, wadda aka buɗe a 1890, ta yi suna da cewa fentinta ba ya ƙarewa, ana gama wannan gefe wancan ya nemi hannu. Da aka zo gyara na sosai, sai aka kankare tsohon fentin har ƙarfe ya fito, aka sa ifoksi mai ɓarɓashin gilashi a ciki, aka rufe da fentin dangin foliyuretan. An kammala a watan Disamba na 2011, da sa ran zai kai aƙalla shekara 25. Gada ce a kan ruwan gishiri, iska na dukanta dare da rana, amma ba a zaɓi ɗaya aka bar ɗaya ba.

Ga abin da za ku yi. A auna kaurin fentin da ya rage da na'urar auna kauri. Idan yana nan da kaurinsa kuma bai ɗaye ba, ba sai an kankare ba. A wanke da ruwa mai ƙarfi da sabulun cire maiƙo har garin ya fita tas, a gurza saman ya yi kaushi, a gyara wuraren da tsatsa ta ɓullo, a bi da siririn shafin ifoksi, sannan a ɗora foliyuretan. Wanda ya shafa a kan garin nan bai wanke ba, sabon fentin zai saluɓe da shi.

Sai ka kula da abu ɗaya wurin saye. Foliyuretan iri biyu ne, aromatik da alifatik. Na farkon shi ma yana yin rawaya a rana. Alifatik ne mai riƙe launi, kuma ya fi tsada. Kada ka yarda da harufan PU kawai, wato gajeren sunan foliyuretan, a jikin gwangwani, ka nemi takardar bayanin fentin ka ga an rubuta alifatik da idonka.

Muna sarrafa madara. An yi mana daɓen ifoksi, ya yi kyau kamar madubi, amma cikin wata 8 ya fara tsagewa yana tashi a kusa da magudanar ruwa da gindin tukwanen dafuwa. Kullum muna wankewa da ruwan zafi. Za mu sake, me za mu sa? — Shugabar sashen sarrafawa

Hajiya, wasiƙarki ta riga ta faɗi masu laifin: ruwan zafi da madara. Kuma wuraren da kika ambata su ne daidai inda zan fara dubawa ko da ba ki faɗa ba.

Ifoksi idan ya daskare yana da tauri sosai, ba ya tanƙwaruwa. Zafi yana buɗa shi fiye da yadda yake buɗa kankaren da ke ƙarƙashinsa. To ki duba abin da ke faruwa kowace safiya: daɓe ya kwana da sanyi, sai a kwarara masa ruwa mai digiri 80 ko 90. Fatar sama ta miƙe nan take, kankaren ƙasa bai ko motsa ba. Yau haka, gobe haka, sai haɗin da ke tsakaninsu ya gaji ya saki. Ga shi kuma ifoksin daɓe na yau da kullum yana fara laushi tun daga wajen digiri 60. Da zarar ƙaramar tsaga ta buɗe, ruwa ya sami ƙofa.

Madarar kuma tana nata aikin. Wadda ta zube ta kwana tana tsami, tana haifar da asid ɗin laktik. Mutane suna ji ana cewa ifoksi yana jure sinadarai sai su ɗauka dukkansu ne. Yana jure kostik soda da danginta ƙwarai, yana jure man fetur da gishiri, amma asid ɗin da ke fitowa daga madara da kitse da ruwan 'ya'yan itace yana cin sa a hankali, balle da zafi. Idan ya ratsa ya kai ga kankare, siminti ba ya da ƙarfin tsaya masa ko kaɗan.

Abin da ya dace da ku shi ne daɓen foliyuretan mai siminti. Kada ki ɗauke shi a matsayin fenti. Kwaɓi ne da ake haɗa ruwan foliyuretan da siminti da tsakuwa ƙanana a shimfiɗa da cokalin magina, kaurin milimita 6 zuwa 9. Kamfanin ICI na Ingila ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1960, da sunan Ucrete, yanzu kuma kamfanoni da yawa suna yin irinsa. Yana buɗewa yana tsukewa kusan tare da kankare, don haka ruwan zafi ba ya raba su. Mai kaurin milimita 9 yana jure wanki da tururi har wajen digiri 120, yana kuma jure sanyin ɗakin daskarar da kaya.

Zan gaya miki abin da ba za ki so ba tun yanzu. Ba ya sheƙi kamar ifoksi, launukansa kaɗan ne, kuma inda haske ke dukansa yana ɗan yin rawaya, ko da yake wannan ba ya rage masa ƙarfi. Kuɗinsa ma ya fi. Amma ki lissafa kwanakin da za ku rufe aiki duk lokacin da aka zo sake daɓe, za ki ga wanne ne mai tsadar.

Ki sa ido a kan ɗan kwangila a wurare uku. Ya yanka ƙananan ramuka a kankaren a duk bakin iyaka da kewayen magudana, domin daɓen ya sami abin kamawa. Ya naɗe kusurwar da bango ya haɗu da ƙasa ta zama lanƙwasa, kada ta zama maɓoyar datti. Ya kuma fitar da gangara zuwa magudana, saboda ruwan da ya kwanta wuri ɗaya ya fi kowane sinadari ɓarna.

Babban sito ne na ajiyar kaya, a rufe yake, babu ruwa babu zafi, sai motocin ɗaga kaya da ke kai-komo duk yini. Wani ya ce foliyuretan ya fi zamani. — Mai kula da sito

Malam, kai ifoksi ne naka, kada zancen zamani ya ruɗe ka. In ma shekaru ake bi, sa'annin juna ne: Otto Bayer ya gano foliyuretan a Jamus a 1937, ifoksi kuma ya fito daga aikin Paul Schlack a Jamus da Pierre Castan a Suwizalan a cikin shekarun 1930 ɗin nan. Wurinka ba rana, ba ruwan zafi, sai nauyi. Ifoksi yana ɗaukar nauyi, yana kama kankare da kyau, yana cike ƙananan ramuka, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Sai dai ka bambanta fentin rola na maikiron 300 da daɓe mai malala da kansa na milimita 2 zuwa 3. A hanyar da motoci ke bi, na biyun nake ba ka shawara. Idan kana jin takaicin ƙarzuwa, ko akwai bakin ƙofa da rana ke shigowa, a bi saman da siririn foliyuretan alifatik, domin ya fi jure gogayya. Inda zan ce a bar ifoksi a ɗauki foliyuretan mai taushi shi ne benen ajiye motoci da duk daɓen da ke motsi ko girgiza, saboda yana miƙewa ya rufe ƙananan tsagu.

An kawo mini farashi biyu na ifoksi. Ɗaya litarsa ta fi arha da kusan kashi ɗaya cikin uku. Dukansu sun ce ifoksi ne mai haɗi biyu. Me zai hana in ɗauki mai arhar? — Jami'in sayayya

Yallaɓai, ba lita kake saye ba, kaurin da zai saura a jikin ƙarfe bayan fentin ya bushe kake saye. A cikin kowace lita akwai abin da zai zauna, akwai kuma ruwan tina da zai bi iska. Takardar bayanin fenti tana faɗin wannan, a layin da ke nuna kason daskararren abu a cikin lita. Shi za ka fara nema.

Lissafin ba wuya. Ka ninka wannan kaso da 10, ka raba da kaurin da kake so a maikiron, zai ba ka murabba'in mita nawa lita ɗaya za ta rufe. Mu ce kaurin maikiron 200 ake so. Fenti mai kashi 80 cikin 100 zai rufe murabba'in mita 4. Mai kashi 50 zai rufe 2.5 kacal. A fili mai murabba'in mita 1,000, na farko lita 250 zai ci, na biyu lita 400, kafin a ƙara asarar feshi. Ka ga arhar nan ta riga ta narke. Ƙari a kan haka, mai ruwa-ruwan ba lalle ya tsaya da kauri a shafi ɗaya ba tare da ya zuba ba, sai an yi shafi biyu, wato ƙarin kuɗin aiki da ƙarin kwana. Arha ba ta ado.

Hanya mafi tsafta ita ce ka daina neman farashin gwangwani. Akwai ma'aunin ƙasa da ƙasa, ISO 12944, wanda ya kasa muhalli gwargwadon yadda yake cin ƙarfe: daga C1, cikin gini busasshe, zuwa C5, bakin teku ko yankin masana'antu mai laima da hayaƙi, sai CX na tsakiyar teku. Ya kuma kasa tsawon rai: ƙasa da shekara 7, daga 7 zuwa 15, daga 15 zuwa 25, da sama da 25. Ka ce wa masu kawo kayan, wurina C4 ne, shekara 15 zuwa 25 nake so, ku ba ni tsarin shafi da farashin murabba'in mita ɗaya. Nan ne za ka kwatanta abu da irinsa. Ka dai sani shekarun nan hasashe ne na lokacin babban gyara na farko, ba garanti ba ne. Garanti a takardar kwangila ake rubuta shi.

Sabon gini ne. Sati biyu da zuba kankare muka sa ifoksi don muna sauri. Yanzu daɓen ya yi bororo, in ka fasa ruwa ne a ciki. A wani aikin kuma foliyuretan da muka fesa wa ƙarfe da asuba ya fito da ƙananan kumfa. Fentin ne ba kyau? — Injiniyan gini

Injiniya, ciwo ɗaya ne ya kama ka sau biyu, kuma sunansa danshi.

Kankare ɗan sati biyu cike yake da ruwa. Ƙa'idar da aka saba ita ce a jira kwana 28, kuma ko bayan nan sai an auna, domin kwana ba ya busar da kankaren da ba a shimfiɗa masa leda a ƙarƙashi ba. Yawancin masu yin ifoksi suna so danshin ya sauka zuwa kashi 4 cikin 100 ko ƙasa. Da ka rufe shi da fatar da ba ta numfashi, ruwan ya taso ya narkar da gishirin da ke saman kankaren, gishirin kuma ya ci gaba da jawo ruwa har ya ɗaga fentin. Gwaji mafi sauƙi ba ya buƙatar na'ura: ka yanka leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe, ka manne bakinta da salatif a kan daɓen, ka bar ta aƙalla awa 16. Idan ka ɗaga ka ga gumi a jikin ledar ko kankaren ya yi duhu, kada a buɗe gwangwani. In ba ka ga komai ba ma, a babban aiki sai ka tabbatar da na'ura. Wanda ya riga ya yi bororo ba ya gyaruwa da faci. A gurje shi, a bar wurin ya bushe, ko a fara da ifoksi na musamman mai tare danshi. Idan lokaci ne ya matse ka, foliyuretan mai siminti yana hawa kankare ɗan kwana 7.

Na ƙarfen kuwa raɓa ce. Mahaɗin foliyuretan, wato ruwan da ake haɗa masa don ya daskare, sinadarin aisosayanet ne, kuma idan ya gamu da ruwa yana fitar da iskar kabon dayoksaid. Kumfar da ka gani ita ce. Da asuba ƙarfe ya kwana ya yi sanyi, akwai laimar da ido ba ya gani a jikinsa. Dokar ita ce zafin ƙarfen ya ɗara ma'aunin saukar raɓa da aƙalla digiri 3, laimar iska kuma kada ta wuce kashi 85. Misali, idan iska tana digiri 30, laima kashi 80, raɓa tana sauka a wajen digiri 26, don haka ƙarfen ya kai 29 kafin a fara. Ifoksi ma bai tsira ba. A cikin laima yana fitar da wani maiƙo mai danƙo a samansa, wanda in ba a wanke da ruwa da sabulu ba, shafin gaba ba zai kama ba. Tina ba ta cire shi.

Tun da muna kan shiri, bari in faɗi abin da ya fi ci mini rai. Yawancin fentin da na ga ya mutu da wuri, tun kafin a buɗe gwangwani aka kashe shi. A wanke maiƙo da gishiri, a yi feshin yashi har ƙarfe ya kai matakin tsafta da ake kira Sa 2½, wato kusan fari, a share ƙura, a shafa na farko kafin tsatsa ta dawo. Kankare kuma a gurje madarar simintin da ke samansa da inji. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ni mai fenti ne. Wani lokaci ifoksi yana kama mini a bokiti kafin in gama. In na rage mahaɗin, ko na ƙara tina, zai ƙara mini lokaci? — Mai fenti

Ɗan'uwa, don Allah kada ka rage mahaɗin. Wannan ba irin fentin mai ba ne da iska ke busarwa. Uwar fentin da mahaɗin ɗaure juna suke yi, kowane ɓangare da adadin da zai kama. In ka rage, wani sashe zai rasa abokin ɗauri, fentin ya zauna da laushi har abada. In ka ƙara don ya yi saurin bushewa, rarar za ta taso sama ta ɓata shi. Abin da aka rubuta, 4 da 1 ne ko 2 da 1, shi za ka bi, ka kuma duba ko da awon lita ake nufi ko da nauyi.

Haɗuwar tana fitar da zafi, zafin kuma yana ƙara mata sauri. Na taɓa ganin bokitin lita 20 da aka dama aka bari a rana aka tafi gyara injin feshi. Kafin a dawo, gefensa ba ya taɓuwa, hayaƙi na tashi, sandar damawa ta kafe a tsakiya kamar an dasa ta. Duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin aiki da kusan rabi. Fentin da takarda ta ce awa 2 a digiri 20, ka ɗauka awa 1 ne a digiri 30. Don haka ka ajiye gwangwanaye a inuwa, ka dama kaɗan-kaɗan, ka dama da inji minti 3 kana kankaro gefe da gindi, in na daɓe ne ka juye shi ƙasa nan da nan, domin a shimfiɗe ba ya tara zafi. Wanda ya fara kauri ya wuce, tina za ta sa ya yi ruwa a ido ne kawai, ba zai kama ba. Foliyuretan kuma tinarsa daban ce. Wadda ke da ruwa ko barasa a ciki tana cinye mahaɗin.

Ka kuma kiyaye tazarar da ke tsakanin shafi da shafi. In ka bar ifoksi ya wuce iyakar kwanakin da takarda ta ba shi, ya yi santsi da tauri, sai ka bi shi da samfefa kafin foliyuretan ya kama. Bushewar taɓawa kuma ba nuna ba ce, sai wajen kwana 7 yake kai cikakken ƙarfinsa.

Cikin tankin ruwan sha fa? — Mai kula da ginin makaranta

Ifoksi, Malam. Duk abin da zai zauna a nutse cikin ruwa, foliyuretan na shafin sama ba wurinsa ba ne. Amma ba kowane ifoksi ba: ka nemi marar tina wanda ke da shaidar dacewa da ruwan sha, irin ta NSF 61 ta Amurka ko WRAS ta Birtaniya. Mai kwalta a ciki haramun ne a nan. A bar shi ya nuna sarai, a wanke, sannan a cika.

Akwai tsohon fentin mai a kan ƙarfen. Zan iya ɗora ifoksi a kai? — Mai gyaran injuna

Ka fara gwadawa. Jiƙa tsumma da tinar ifoksi ka ɗora a kai na 'yan mintuna. In ya yi laushi ko ya yamutse, sabon fentin ma haka zai yi masa, sai a kankare. In bai motsa ba, ka shafa a ɗan wuri, ka jira sati, ka tsaga da reza ka manna salatif ka fizge. Akwai ifoksi mai haƙuri da wurin da ba a yi wa feshin yashi ba, yana da amfani a gyara, amma ƙarfin riƙonsa ba zai wuce na tsohon fentin da ke ƙarƙashinsa ba.

Maigidana yana feshin foliyuretan shekara 6. Kwanan nan yana tari da daddare, ƙirjinsa na ƙara, amma in ya yi hutu sai ya ji sauƙi. Yana sa takunkumin hanci. Ko fentin ne? — Matar mai fenti

'Yar'uwa, na bar taki a ƙarshe ne don in yi miki magana a tsanake. Ya je asibiti cikin satin nan, kada ya jira, ya tafi da takardar gargaɗin fentin, ya gaya wa likita cewa yana aiki da aisosayanet. Tarin dare da ke lafawa a ranakun hutu alama ce da aka sani ta asmar wurin aiki, kuma aisosayanet yana cikin manyan masu jawo ta a duniya. Likita ne zai tabbatar, amma kafin nan ya dakatar da feshin. Abin tsoron shi ne, idan jiki ya riga ya tsani sinadarin, ɗan kaɗan ma yana tayar da ciwon, kuma ci gaba da shaƙa yana iya mai da shi na dindindin. Wanda ya bari da wuri ya fi samun sauƙi.

Takunkumin takarda ko na ƙyalle ba ya tare komai a nan. Hazon feshin yana da laushin da ido ba ya gani, yana kuma daɗewa a iska bayan an kashe inji, hanci kuma ba ya jin warinsa sai ya wuce kima. Mai feshi yana buƙatar hular da ake turo mata iska mai tsabta ta bututu, kuma kada ya ɗaga gilashinta don duba aiki sai hazon ya fita. Waɗanda ke kusa ma su kauce. Girman haɗarin ne ya sa Tarayyar Turai ta wajabta horo ga duk mai aiki da waɗannan sinadarai tun daga 24 ga Agusta, 2023. Walda ko ƙona ƙarfen da ke da busasshen foliyuretan ma yana sake fito da su.

Idan ya koma aikin ifoksi, shi ma da nasa. Fata yake kamawa: ƙaiƙayi, ja, tsagewar hannu, kumburin fatar ido, kuma shi ma in ya kama ba ya saki. Ya sa safar hannu ta naitiril mai kauri da riga mai dogon hannu, ya daina wanke hannu da tina, domin tana tura sinadarin cikin fata ne. Kayan aikin kuma ya cire su a wurin aiki, kada ki haɗa su da wankin yara. Ki rubuto mini abin da likita ya ce. Allah Ya ba shi lafiya.